Mudun Wuta: Nasiha Ga Mai Son Aikin Mita a Karkara

Ƙannena na Tsiga da Bakori da ƙauyukan da ke kewaye, musamman ku da kuka karanta fannin lantarki kuna zaman jiran aiki, akwai wata sana'a da na lura kuna yi wa kallon hadarin kaji, ita ce aikin mita. A wurinku injiniya shi ne mai zama cikin sanyi a tashar Shiroro ko Kainji yana kallon allon kwamfuta. Mai ɗaura mita kuwa ɗan aiken kamfani ne da ke yawo da tsani a kan babur, yara na binsa suna "ga 'yan Nepa", manya na zaginsa a ciki. Zagin kam babu ƙarya, za ku sha shi har ku ƙoshi. Amma ku saurare ni kafin ku yanke hukunci, domin a wannan yanki namu ban san wani aikin lantarki da ya kai wannan buƙatar mutum mai kai da mutunci a haɗe ba.

Mu mutanen auduga ne, mun daɗe da sanin ciwon awo. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin Turawa na BCGA kuma a da yana da injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Ku tambayi tsofaffin da suka kai kaya kasuwar auduga su ba ku labari. Mutum ya yi wata shida yana wahala a gona, ya ɗora wa jaki, ya zo ya tsaya gaban sikelin da bai iya karantawa ba, malamin awo ya leƙa ya faɗi lamba, shi ke nan. Ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba, zai koma gida da zargi a zuci, don ba a nuna masa ba. Ba banza ba Alƙur'ani ya keɓe sura sukutum kan masu tauye mudu, ya kuma ba da labarin mutanen Madyana. Mita mudu ce. Sai dai a kasuwar Bakori mai saye yana ganin masara na zuba, ya ce a cika, har ya nemi gyara. Wuta kuwa ba a ganinta, sai dai a gaskata wanda ya auna. Wannan wanda za a gaskata, ko a ƙi gaskatawa, kai ne.

Ka fara sanin inda abin da kake aunawa ya fito. Wutar da ke zuwa mana takan biyo manyan layuka zuwa tashar Mando a Kaduna, daga nan layin bolt dubu 132 ya ɗauko ta ta Zariya zuwa tashar Funtuwa, ya zarce Gusau. A Funtuwa ake rage ta zuwa bolt dubu 33, a raba ta kan layukan da ke shiga garuruwa, taransifoma ta sake rage ta zuwa abin da gida zai iya ɗauka, wato bolt 230 a fes ɗaya, kimanin 400 a fes uku. Wanda ya manta tsawon wannan igiya ya tuna Oktoban 2024, lokacin da lalacewar layin Shiroro zuwa Mando da faɗuwar ɗaya layin da ke kawo wuta daga kudu suka bar yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda. Mai sayar da ƙanƙara a Tsiga bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan layuka ba. Kai ya sani, kai zai tare a hanya.

Sunan kamfanin wuta ya sha canzawa. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin KEDCO. Abin da bai canza ba shi ne bil ɗin ƙiyasi. Har ƙarshen 2024, cikin masu amfani da wuta kimanin miliyan 13 da ke da rajista a Nijeriya, waɗanda ke da mita ba su wuce miliyan 6 da 'yan kai ba. An yi ta fito da shirye-shirye: na 2018 da ya ba kamfanoni masu zaman kansu damar samar da mita, na 2020 da gwamnatin tarayya ta ce za ta raba kyauta. Duk inda aka fara rabo, birni ake fara cikawa, ƙauye ya samu ragowa. A Fabrairun 2020 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sa iyaka kan yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa marar mita, amma mutum nawa ne a karkararmu suka san da wannan doka? Saboda haka duk gidan da ka shiga da sabuwar mita a hannu, ka tarar da tsohon haushi yana jiranka. An shekara ana kawo musu takarda ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Kada ka ɗauki haushin nan a matsayin rashin kunya. Bashi ne wasu suka ci, aka bar ka da biya.

Maganinsa guda ne, kuma shi ne kan maganata: ka auna a gaban mai abu, ka nuna masa har ya gane.

A ce mai shagon lemo da ruwan leda ne a bakin tasha, firiza biyu gare shi, ya tare ka: "Injiniya, wannan mitar taku ɓarauniya ce. Jiya na sa kati, yau ta cinye rabi." Ma'aikacin banza zai ce masa mita ba ta ƙarya, ya hau babur. Kai ka ajiye jaka ka ce, "Alhaji, bari mu tambaye ta a gabanka." A fara kashe komai na shagon, har ƙwan lantarki. A fuskar mita akwai 'yar jar fitila mai ƙiftawa. Idan an kashe komai ya kamata ta tsaya cik. In ta ci gaba da ƙiftawa, to wuta na zurarewa ta wani wuri: ko waya ta goge tana zuba a jikin kwano, ko wani maƙwabci ya ja layi daga bayan mitarsa bai sani ba, kuma za ka yi mamakin yadda wannan na biyun ke yawan faruwa tsakanin shagunan da ke haɗa bango. In ta tsaya, sai ka nuna masa rubutun da ke ƙarƙashin fitilar. A ce an rubuta 1600, ma'ana sai ta ƙifta sau 1600 kafin a ci yunit ɗaya. Ka sa a kawo hita mai wat 1000 a tsoma a bokitin ruwa. Kada ka yi da dutsen guga, don yana kashe kansa idan ya yi zafi, ya ɓata maka lissafi. Alhaji ya riƙe waya yana duba lokaci, yaron shago ya ƙirga. Idan wuta na da cikakken ƙarfinta, a minti ɗaya za a samu ƙiftawa 26 ko 27.

A nan ne ilimin makaranta zai yi maka rana, don a ƙarshen layin ƙauye wuta ba kasafai take cika ba. In ta sauko bolt 180, hitar nan ba za ta ja wat 1000 ba, za ta tsaya wajen 600, yaron ya ƙirga 16. Wanda bai san dalili ba sai ya ce mita ta lalace. Kai kuwa ka riga ka maƙala na'urar awonka a waya, ka ga bolt nawa, amfiya nawa, ka ninka su a bayan kwali a gabansa, lissafi ya zo daidai da ƙirgar yaro. Sannan a kunna firiza ɗaya-ɗaya. Sau da yawa a nan ɓarawon yake: tsohuwar firiza 'yar gwanjo wadda robar murfinta ta saki, injinta ba ya hutawa dare da rana. Alhaji zai ga fitila ta kama rawa da idonsa. Ba ka yi masa gardama ko sau ɗaya ba, gani ya kori ji. Rabin sa'a ka kashe, amma duk mazauna bencin ƙofar shagon sun kalla, kuma kafin magariba labari ya kai masallaci.

Wata rana kuma gwajin zai nuna mitar ce da laifi. Mita mai daraja ta ɗaya kuskurenta bai kamata ya wuce ɗaya cikin ɗari ba. In ta wuce, ka faɗa a wurin, da bakinka, ka rubuta rahoto, ka bi shi har a canza ta a gyara masa lissafi. Ka gaya masa hanyar koke: ofishin kamfani tukuna, in bai gamsu ba akwai ofishin sauraron koke na NERC a Katsina. Wasu abokan aiki za su ce kana koya wa mutane ƙarar kamfani. Ka ƙyale su. Ranar da mutane suka ji ka ce "mitarmu ce ta yi kuskure", daga ranar za su yarda da kai idan ka ce ba ta yi ba.

Ƙananan gidaje lissafinsu ba wuya. Tsohon ƙwai mai wat 60, awa biyar kullum, yunit 9 ne a wata. Sabon farin ƙwai mai wat 9 bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Gida mai ƙwai huɗu da fanka da talabijin da cajin waya, a garin da wuta ba ta wuce awa huɗu a rana, da ƙyar ya haura yunit 20 a wata. Irin wannan gida shi ƙiyasi ya fi zalunta, shi kuma mita ta fi ceto. Ka kuma san rukunin da layinku yake. Tun 2020 aka kasa layuka gida biyar, daga A mai alkawarin awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, zuwa E mai awa 4, kowanne da farashinsa. A Afrilun 2024 aka ɗaga na rukunin A zuwa naira 225 kan yunit. In aka yi kuskuren sa mitar ɗan ƙauye a rukunin da ba nasa ba, to kowane kati ya saya an tauye shi, alhali mitar kanta lafiyarta ƙalau.

Inda kuɗi masu nauyi suke, inda kuma ake gane injiniya, shi ne manyan mitoci: na injin casar shinkafa, na masu gurzar auduga, na asibiti, da waɗanda ke jikin taransifoma. Wutar da ke wucewa a nan ta fi ƙarfin ta bi ta cikin mita, sai a zura wayar cikin wani zobe da ake kira siti, shi ya rage ta ya miƙa wa mita ɗan kaɗan. In an rubuta 200/5 a jikin zoben, duk abin da mita ta nuna sai a ninka shi sau 40. To a ce zoben ya ƙone, wani ya zo ya sa mai 400/5, bai gyara takarda ba. Daga ranar rabin wuta kawai ake caji. In akasin haka aka yi, mai injin zai riƙa biyan ninki biyu, ya yi ta rantsuwa ana ce masa mai taurin bashi. Haka in aka juya wayoyin zobe ɗaya cikin ukun, mita na iya nuna sulusin abin da aka sha. Babu ɓarawo a duk wannan, sakaci ne kawai, amma yana iya rufe masana'anta ko ya cinye ribar layi guda. Kada ka yarda da abin da ke cikin fayil sai ka hau ka karanta jikin zoben da idonka.

Mitar taransifoma ita ce alƙalin gari. Ka ɗauki abin da ta nuna a wata, ka tara na duk mitocin da ke ƙarƙashinta, ka cire. Dole a samu giɓi, don waya da kanta tana cin wuta, musamman siraran wayoyin da ake ja nesa a ƙauye a kan turakun itace. Kuma in wutar da ke bi ta waya ta ninka biyu, asarar ninki huɗu take yi. Amma in giɓin ya kai sulusi ko rabi, akwai magana. A garuruwan da ake kawo bil ɗaya na gari duka, kwamiti ya bi gida-gida yana tarawa, wannan mita ce kaɗai ke tsakanin zaman lafiya da rigima. Ranar karanta ta kada ka je kai kaɗai. Ka biya ta wurin dagaci ko mai unguwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni mutum biyu su ga lamba." A rubuta a littafin kwamiti, a rubuta a naka, kowa ya sa hannu.

Akwai wani abu da ɗan birni ba ya ganewa. Garuruwanmu da yawa da kuɗinsu suka jawo wuta. An yi karo-karo da kaka, an sayar da masara da waken suya, an sayi turaku da waya, in taransifoma ta ƙone an sake tarawa, wani lokaci ɗan siyasa ya cika. A ƙa'idar NERC wannan duka nauyin kamfani ne, ba na mai shan wuta ba. To mutumin da ya sayar da buhu biyu aka kafa falwayar ƙofar gidansa, ka zo ka ce masa ɓarawo ne don ya maƙala waya, ka san ba zai ji ka da kunnen da kake so ba. Ba ina halatta satar wuta ba ne. Sata ce, dokar lantarki ta 2023 ta tanadi tara ko ɗauri a kanta, kuma wanda ake cuta da farko maƙwabci ne, wanda za a lafta wa giɓin a bil ɗinsa, sai taransifomar da za ta ƙone kowa ya kwana a duhu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ma'aikacin da ya san haka harshensa yakan yi laushi ba tare da hannunsa ya yi ba.

Tunda an zo nan, gara in faɗi mai ɗacin. Yawancin haɗin bayan mita da za ka gani ba manomi ne ya yi shi ba. Aikin wanda ya san waya ne, wani lokaci ma wanda ya ɗaura mitar ne ya dawo da yamma ba kayan aiki a jikinsa. Kai ma za a nema. Kuma ba baƙo ne zai nema ba, da da sauƙi. Kawunka ne mai injin niƙa, ko abokin babanka, ko wanda kake neman 'yarsa. Zai kira ka gefe bayan sallar isha'i: "Ɗana, ai yanzu mun samu namu a ciki. Ka ɗan duba mana abin nan." Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Aiki a garinku yana da wannan nauyi. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka ɗaga murya. Ka ce, "Kawu, wannan in na taɓa, aikina ya tafi, kai kuma tara za ta hau kanka. Amma gobe zan zo in duba injin." Ka je ɗin. Motar injin niƙa mai ƙarfin doki 10 tana jan wajen kilowat 7 da rabi, awa huɗu yunit 30 ke nan in tana cikin aiki sosai. In an sha yi mata naɗi, ko boris ya ci, ko bel ya saki, ko ana barinta tana juyawa ba hatsi a ciki ana jiran mai kawo niƙa, kuɗi ne ke zuba. Abin da za ka rage masa ta wannan hanya halal ne, kuma ba mai zuwa ya cire shi. In ka yi wa mutum ɗaya haɗin baya kuwa, ka zama bawansa, ka zama bawan duk wanda ya ji, kuma a gari irin namu kowa zai ji.

Ta ɗaya gefen ma akwai matsi, kada ku ce ban gaya muku ba. Kowane ofishin wuta ana ɗora masa adadin kuɗin da zai tara a wata, kuma in wata ya zo ƙarshe ba a cika ba, ido kan koma kan alƙalamin mai karatu. Ga kuma lalaci: ƙauye na da nisa, hanya ta lalace, sai mutum ya zauna a gindin bishiya ya cika takarda da lambobin da ya ga dama. Lambar da ba ka gani ba kada ka rubuta ta. Ka rubuta cewa ba ka samu zuwa ba, ka faɗi dalili. Za a yi maka faɗa, amma faɗan kwana ɗaya ne.

Mita a ƙauye tana da abokan gaba da littafi bai ambata ba. Ka buɗe akwati ka tarar zanzaro ya yi gini a kan mahaɗar waya, ko tsaka ta shiga tsakanin waya biyu ta bushe, ko tururuwa sun tara ƙasa. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan farko ya mayar da ita laka. Guguwar farkon damina ta kayar da turaku, tsawa ta biyo layi ta kashe mitoci a jere. In ka ɗaura ta a bangon da rana ke duka da yamma, shekara biyu gilashin ya dushe ba a ganin lamba. Sai kuma sukurun da ba a ɗaure sosai ba: wayar alminiyam takan saki a hankali, wurin ya yi zafi, roba ta narke, a ce mita ta kama da wuta. Ka ɗaure, ka ja wayar da hannu ka ji, ka sake ɗaurewa, sannan ka sa hatimi ka rubuta lambarsa.

Shiga gida kuma ilimi ne mai zaman kansa. Ba a faɗa wa gidan mutane da tsani don kana sanye da rigar kamfani. Ka tsaya a zaure ka yi sallama, ka aika yaro, in maigida ba ya nan ka tambayi wanda zai raka ka, a ba mata lokaci su kimtsa. In za ka hau falwaya da ke kallon tsakar gida, ka sanar kafin ka hau. A nan nake ganin ƙannena mata kuna da wata dama da ba ku lura da ita ba. Mitar zamani takan zauna a kan turke, sai a bar 'yar na'ura mai maɓallai a cikin ɗaki, kuma wadda ke wuni da ita uwargida ce. Ita za ta danna lambobi 20 na kati, ita za ta ji ƙarar gargaɗi in kuɗi ya kusa ƙarewa. Amma bayanin a zaure ake yi wa maigida, shi kuma ya tafi gona da shi. Ranar da kati ya ƙare, na'urar ta mutu don ba a gaya wa kowa tana buƙatar batir a irin wannan lokaci ba, sai a kwana uku a duhu ana jiran "mai gyara", wanda zai karɓi kuɗi ya sa batir biyu. Injiniya mace za ta zauna a kan tabarma ta ce, "Inna, kawo hannunki ki danna da kanki," ta nuna mata yadda ake duba saura, ta bayyana mata cewa cikin kuɗin kati akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari, kuma in akwai tsohon bashi ana yankar wani abu a kowane saye, shi ya sa yunit ɗin ba ya cika yadda ake zato.

Wanda ya yi aiki a ƙarshen 2024 ya ga amfanin wannan. Agogon da ke cikin tsarin katin mita na duniya ya zo iyakarsa ranar 24 ga Nuwamba, dole kowace tsohuwar mita a danna mata wasu lambobi na musamman, jeri biyu, kafin ta ci gaba da karɓar kati. A birni an ji a rediyo an duba a waya. A ƙauye sai da ƙafa. Haka a Satumban 2021, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, mai son kati sai ya ba direba saƙo zuwa inda akwai sabis. Duk dabarar da aka ƙirƙiro a ofis ana ɗauka kowa na da intanet, kai ne za ka san inda za ta karye. Ka kuma tuna manomi ba ɗan albashi ba ne: kuɗinsa da kaka yake zuwa, a watan Yuli da Agusta kuwa taki da kuɗin ƙwadago sun cinye komai. Mitar kati ta dace da shi don yana iya sayen na ɗari biyar yau, ya ƙara in ya samu. Wannan hujja ta fi duk wata barazana saurin shawo kan mai ƙin mita.

Ranka kuma ba na kamfani ba ne. "An ɗauke wuta" ba izinin taɓa waya ba ne, don ana iya dawo da ita ba sallama, kuma yanzu gidaje da yawa suna da janareta ko inbata da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba, suna mayar da wuta kan layin da kake zaton ya mutu. Ka gwada kafin ka taɓa, ka sa safar hannu ko ana yi maka dariya. Zoben siti kuwa, muddin wuta na bi ta cikinsa, ba a cire wayoyinsa a bar su a buɗe. Sai an haɗe bakinsu tukuna, in ba haka ba ƙarfin da zai taso a wurin yana iya kisa. Hanya ma haka. Ba wanda zai koya wa ɗan Tsiga halin rashin tsaro da ake ciki bayan harin 'yan bindigar da garin ya gani a Fabrairun 2025, balle wanda aiki zai kai shi wajen Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara. Ka tambayi mutanen gari kafin ka kama hanya, ka faɗi inda za ka, ka juyo kafin la'asar sakaliya. Babu karatun mitar da ya kai a kwana a daji dominsa.

Maganar shiga aikin ba ta da tsawo. Digiri daga Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, ko difloma daga Kwalejin Hassan Usman Katsina ko ta Kaduna, duk suna kai mutum. Wanda ya fito makarantar fasaha ma yana farawa daga ɗaura mita ya hau. Cibiyar NAPTIN tana horar da ma'aikatan wuta, hukumar NEMSA ke gwada mitoci tana kuma ba masu haɗa waya shaida, COREN ke rajistar injiniyoyi. Ka iya kwamfuta gwargwadon jera lambobi da tace su, don rabin aikin yanzu a nan yake. Albashin farko ba zai burge budurwa ba, kuma da yawa da kwantiragi suke farawa. Sai dai ba kamfanin rarraba wuta kaɗai ke neman wannan hannu ba. Ƙananan tashoshin sola da ake kafa wa ƙauyuka ƙarƙashin hukumar REA mai kai wuta karkara da mita suke rayuwa, masu masana'anta a Funtuwa suna son wanda zai duba musu ko bil ɗinsu daidai ne, masu noman rani a fadamun Danja da ke komawa famfon sola suna son wanda zai auna musu abin da za su saya kafin dillali ya yi musu ciniki.

In albashin ya shigo, kafin sabuwar waya ka sayi na'urar awo taka ta kanka, mai maƙalawa a waya, ta kirki, ba ta bakin titi ba. Ka samu littafi mai bango mai ƙarfi, kowace mita ka taɓa ka rubuta lambarta da ta hatiminta da kwanan wata da abin da ta nuna da wanda ya tsaya a wurin. Na'urar kuma, aƙalla sau ɗaya a shekara, ka kai ta ofis ka gwada ta da wadda aka tantance, ka rubuta bambancin a shafin farko.